Yadda Ake Ɗora Baiti a Kan Ma'auni: Jagora Ga Mai Fara Rubuta Waƙa

Shekarun baya na ɗauki littafina na rubutu, cike da abin da nake kira waƙoƙi, na kai wa wani dattijo da ke zama a zaurensa can cikin birnin Katsina, ba nisa da hasumiyar Gobarau. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa littafin. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ajiye shi a kan buzu ya ce, "To ɗana, rera mini." Na fara da ƙarfin gwiwa. Ɗango na farko, wato layin farko, ya wuce lafiya, na biyu ma haka, a na uku harshena ya sarƙe, sai da na haɗiye wata gaɓa kafin in kai ƙarshe. Ya ɗaga hannu. "Tsaya nan. Ka ji abin da bakinka ya yi?" Na ce, "Na ji, Malam." Ya ce, "Ƙafa ce ta karye. Je ka ɗora ta ka dawo."

Ɗorin nan shi zan koya maka a nan, daki-daki, yadda ni ma aka koya mini. Rubutacciyar waƙar Hausa ana rubuta ta ne domin a rera, kuma kunne ne alƙalinta. Mawaƙin baka irin marigayi Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, yana da kalangu da 'yan amshi a bayansa. In layi ya yi tsawo ko ya gaza, kiɗa ya rufa masa asiri. Kai da ka ɗauki alƙalami ba ka da makaɗi. Kalmominka su ne gangarka.

Fara da abin da za ka faɗa

Kafin ka taɓa ma'auni, ka iya faɗin jigon waƙarka a jimla ɗaya, da baki, kamar kana gaya wa abokinka a majalisa. "Zan yi waƙar damina" bai isa ba, don damina teku ce. "Zan yi waƙar manomin da rumbunsa ya ƙare, ga ruwan farko ya sauka, zai binne ɗan irin da ya rage masa" ya fi, domin yanzu akwai mutum, akwai tsoro, akwai fata. Da wannan misalin za mu yi aiki har ƙarshe.

Daga nan ka buɗe shafi ka zuba duk kalmomin da suka shafi abin, ba tare da tunanin baiti ba: gabas, hadari, guguwa, sungumi, iri, rumbu, dami, gara, gero, ƙamshin ƙasa. Kalmomin da manomin Batsari ko na Mashi zai furta da bakinsa nake nufi. In ba ka san sunan abu ba, ka je ka tambayi mai abin.

Koyi auna gaɓa, nan ne aikin yake

A nan zan daɗe, domin nan ne yawancin masu farawa ke faɗuwa.

Gaɓar Hausa iri uku ce kacal a ƙira. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar "ci" ko "da". Wannan ita ce gaɓa marar nauyi, ana yi mata alamar v. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "kai", "yau", ko "raa" ta cikin rana. Akwai kuma baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe, kamar "bas" ta cikin gabas. Waɗannan biyun na ƙarshe nauyinsu ɗaya a ma'auni, ana yi musu alamar –. Ka kula, sh da ts da gw da ƙw da ky kowannensu baƙi ɗaya ne duk da harufa biyu ake rubutawa. Baƙin da aka ninka kuwa rabuwa yake yi: watanni sai ta zama wa-tan-ni.

Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Gari da ake zama a ciki da garin tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko ga-rii ne (v –), na biyu gaa-rii (– –). Fari na launi fa-rii ne, fari na ɗan fari kuwa faa-rii. Magabatanmu da suka yi rubutu da ajami sun fi mu sauƙi a nan, saboda alifi da wawu da ya suna nuna musu inda aka ja wasali. Mu 'yan boko dole mu nemo tsawon da kunne. Saboda haka a takardar gwaji, ka riƙa ninka duk wasalin da ka ji an ja: manoomii, goonaa, daaminaa. In ka gama ka mayar da shi daidaitaccen rubutu.

Ƙananan kalmomi su suka fi yaudara. Faɗi "ya zo jiya", sannan ka faɗi "lokacin da ya zo". Na farko "yaa" ne mai nauyi, na biyu "ya" marar nauyi. Haka "ta", haka "na". Wanda bai rarrabe waɗannan ba zai yi ta lissafi a takarda yana ganin daidai, bakinsa yana ƙaryata shi. Karin sauti kuma, wato hawa da saukar murya, ba ya shiga wannan awo: wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha duk v – ne.

Ga atisaye na mako guda. Kullum ka ɗauki kalmomi 20 daga abin da ka ji a kasuwa ko a rediyo, ka yanka su gaɓa-gaɓa, ka sa musu alama. Fara da sunayen da ke kewaye da kai. Daura – – ce. Katsina kuwa gaɓoɓi uku ne marasa nauyi a jere, v v v, shi ya sa take ba marubuta wahala; sai a ga sun kai ta ƙarshen ɗango inda za a iya jan wasalin, ko sun ce "Katsinar Dikko" don gaɓa ta uku ta yi nauyi. Gwada Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa, Kusugu. In ka yi shakka, ka furta kalmar a hankali kana tafa cinya: mai nauyi tana cin bugu biyu, marar nauyi ɗaya.

Zaɓi kari ɗaya ka zauna a kansa

Ilimin auna waƙa da ake kira aruli daga Larabawa muka gaje shi. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara karuruwa 15, wato ma'aunan da ake ɗora waƙa a kai, daga baya Ahfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16. Katsina ta daɗe da sanin wannan fanni. A ƙarni na 17 Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suna nan suna karantarwa suna rubutu da Larabci, kuma Ɗan Masani ya yi sharhin Ishiriniya, wadda har gobe ake rerawa a zaurukanmu. Kunnen Bakatsine ya riga ya saba da karin Ɗawil ta hanyar Ishiriniya, da Basiɗ ta hanyar Burda, ko da bai san sunayensu ba.

Kowane kari maimaita wata ƙafa ne, wato 'yan gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi da aka jera a tsari ɗaya. Mutaƙarab ƙafarsa fa'uulun (v – –). Rajaz mustaf'ilun (– – v –). Ramal faa'ilaatun (– v – –). Kamil mutafaa'ilun (v v – v –). Mutadarak faa'ilun (– v –). Kada ka ce sai ka haddace duka kafin ka fara. Ni shawarata ga mai farawa Mutaƙarab, saboda ƙafarsa gajera ce, kuma Hausa cike take da kalmomin da aka haifa a kansa: manomi, amana, makoma, watanni. Ka yi ta rera "fa'uulun fa'uulun fa'uulun fa'uulun" kana tafiya, har ya zauna maka kamar sautin daka.

Akwai wata hanya da marubuta da yawa suka bi, kuma ba abin kunya ba ce: ka ɗauki muryar wata waƙa da kunnenka ya sani, ta daka ko ta dandali ko ƙasidar makarantar allo, ka cire kalmominta ka zuba naka. Muryar za ta riƙe maka ma'auni. Illa dai ka aro murya kawai, kalmomin mutane ka bar musu abinsu.

Gina ɗango na farko, ka karya shi, ka ɗora

Ga abin da ya fara zo mini:

Gabas ta haɗo, hadari ya rufe rana

Ma'ana ta fita, amma mu yanka. Ga-bas-taa (v – –), daidai. Ha-ɗoo-ha (v – v), ta ɗan rame. Da-rii-yaa (v – –), daidai. Ru-fe-raa-naa (v v – –), gaɓa ɗaya ta yi yawa. Ramewar ƙafa ta biyu masana sun yarda da irinta, suna kiranta zihafi, wato ɗan sassaucin da kari ke ɗauka ba tare da ya karye ba. Amma ƙafa ta huɗu ta karye sarai, kuma nan ne harshe zai yi tuntuɓe.

Mai gaggawa zai ce a haɗiye "fe" wajen rerawa. Kada ka saba wa kanka da haka. Koma cikin kalmomin da ka tara. Guguwa guu-gu-waa ce (– v –), in ta biyo bayan "haɗo" za ta cike ƙafa ta biyu ta buɗe ta uku. Saura aikatau mai gaɓa ɗaya marar nauyi da zai zo kafin "rana". Rufe ya yi tsawo. Ci fa?

Gabas ta haɗo, guguwa ta ci rana

Ga-bas-taa / ha-ɗoo-guu / gu-waa-taa / ci-raa-naa. Ƙafa huɗu cif. Ka lura da abin da ya faru: neman gyaran ma'auni ne ya kai ni ga hoton da ya fi na farko. Hadari ya rufe rana magana ce ta kowa. Guguwar da ta ci rana ta zama dabba mai baki. Sau da yawa haka abin yake, matsin da kari ke yi maka shi ke tilasta ka ka wuce kalmar farko da ta zo maka, wadda galibi ita ce mafi arha.

Ka kuma lura kalma ba dole ta tsaya cikin ƙafa ɗaya ba. Sungumi (– v –) ba zai buɗe ɗangon Mutaƙarab ba, amma "akwai sungumina" a-kwai-sun / gu-mii-naa ne, ya hau daram.

Amsa-amo da zubin baiti

Yanzu ka yanke shawarar ɗango nawa kowane baiti zai ɗauka. Mai ɗango ɗaya gwauruwa ce, mai biyu 'yar tagwai, sai ƙwar uku, ƙwar huɗu, da ƙwar biyar. Akwai kuma tahamisi, inda wani zai ɗauki 'yar tagwan wani ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti su zama biyar. Ishiriniyar da muke ji ma haka take, asalin na Alfazazi ne, Ibn Mahib ya yi mata tahamisi. Fara da 'yar tagwai. Ƙwar biyar tana da daɗin ji, amma tana buƙatar ƙaramin amsa-amo, wato sautin ƙarshe iri ɗaya, a ɗango huɗu na kowane baiti, ga kuma babban amsa-amo a na biyar wanda ba ya canzawa har waƙa ta ƙare. Mai farawa in ya shige ta, rabin abin da zai rubuta ciko ne.

Babban amsa-amo alkawari ne, don haka kafin ka ɗauke shi ka duba aljihunka. Ɗangonmu ya ƙare da "na". Zauna ka jero kalmomin da ke ƙarewa da "na" waɗanda suka dace da jigon: rana, gona, amana, suna, ƙuna, kwana, damina, da duk sunan da za a liƙa wa "na" ta mallaka, irina, gidana. In ka samu 15 zuwa 20, ci gaba. In ba su wuce biyar ba, sauya tun yanzu, kada ka kai baiti na bakwai ka fara jawo kalmomin da ba ruwansu da zancen.

Gabas ta haɗo, guguwa ta ci rana,
Ƙasa ta jiƙe, ga manoma a gona.

A rumbunmu ba ko dami, sai gara,
Ƙasa, ga irina, riƙe min amana.

Yanka ɗango na uku da kanka: a-rum-bun / mu-baa-koo / da-mii-sai / ga-raa. Ƙafar ƙarshe ta rasa gaɓa ɗaya, ta zama v –. Mutaƙarab ya yarda da wannan a ƙarshen ɗangon farko na baiti. Na iya cewa "sai karare" ƙafar ta cika, amma gara ta fi ciwo. Rumbun da gara kaɗai ta rage a ciki ya gama ba da labarin gidan. Inda ƙa'ida ta ba ka zaɓi, ɗauki abin da ya fi faɗin gaskiya.

Wata dabara: rubuta ɗango na biyu kafin na farko. Tunda shi ke ɗauke da amsa-amo kuma a kansa murya ke sauka, nan ya kamata magana mai nauyi ta zauna. In ka samu "riƙe min amana", sai ka koma baya ka nemi abin da zai share mata hanya.

Cire ciko

In ka kai baiti goma, tsaya ka ɗauki jan biro. Zagaye duk "dai" da "fa" da "kuwa" da "lallai" da "haƙiƙa" da "jama'a ku ji". Tambayi kowacce: don ma'ana kika zo ko don cike rami? Ɗaya ko biyu a waƙa ba laifi, harshenmu ne. Amma na taɓa ƙirga "haƙiƙa" sau tara a wata waƙata mai baiti 14, kuma babu abin da ta haƙiƙance.

Haka adon harshe. A aji ana koya mana kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da dabbantarwa da kambamawa, kuma sanin sunayensu yana da amfani ga mai nazari. Ga marubuci, abin dubawa shi ne ko hoton nasa ne. Fari kamar madara, kyau kamar wata ɗan daren sha huɗu, waɗannan an tatse su. Duba abin da ke gabanka: yadda ƙurar hunturu ke sa fitilun titin Ƙofar Ƙaura su yi ja, yadda guga ke dawowa daga rijiya a ƙarshen rani da rabin ruwa rabin laka. A baitinmu na biyu manomi ya yi wa ƙasa magana kamar mutumin da ake ba ajiya, kuma ban zauna na ce bari in yi mutuntarwa ba. Tunanin halin da yake ciki ne ya kawo ta.

Game da karin harshe, ni ban ga laifin Katsinanci ko Dauranci a waƙa ba. In "ɗiya" ta hau ma'auni inda "'ya" ta gaza, sa ta. Sharaɗin kawai ka san kana yi, kuma kada ka yi rabin baiti da bakin Kano rabi da na Katsina don tsira daga lissafi.

Buɗewa da rufewa

Al'adar da muka gada daga malaman jihadi, su Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u, ita ce a buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi, sannan a furta jigo, a warware shi, a rufe da godiya da addu'a. Wasu sukan saka sunansu da adadin baitoci a ƙarshe. Bin wannan tsari yana da kyau, amma baiti ɗaya ko biyu sun isa buɗewa a gajeriyar waƙa. Na sha ganin waƙa mai baiti 12 wadda shida daga ciki share fage ne. Kuma ka rubuta mabuɗin a ƙarshe, bayan ka san inda waƙar ta dosa.

In kana son ka bi sawun magabata har ƙarshe, sa ramzi, wato shekarar da aka yi waƙar a ɓoye cikin harufa. Lissafin da malamanmu ke bi na Magariba ne, wato na Arewacin Afirka, inda harafin shinun na Larabci ke tsaya wa 1000. Shekarar Hijira 1447, misali, shinun ne 1000, harafin ta 400, mimun 40, zayun 7. Ka haɗa su ka sa musu wasulan da za su hau karinka, kamar "shatmaz".

Kai ta gaban kunne

Ka bar waƙar ta kwana uku ba ka duba ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waƙar da aka gama da asuba don taron ƙarfe goma kusan kullum da ɗingishi take zuwa, ni shaida ne, na taɓa tsayawa gaban ɗalibai a wata makaranta ina gyara baiti a kan mumbari. Bayan kwana ukun, rera ta da ƙarfi ka naɗa a wayarka, sannan ka saurara kana riƙe da takarda. Duk inda ka ji ka yi sauri, ko ka ja wasalin da ba a ja a magana, sa alama.

Sannan ka ba wani ya rera, wanda bai taɓa jin ta a bakinka ba. Wannan gwajin ya fi kowanne tsanani, domin kai ka riga ka san ramukan hanyarka kana kauce musu ba ka sani ba, shi kuwa zai faɗa ciki. Ba sai farfesa ba. Ɗalibin Hausa daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai iya yanka maka ƙafafu, amma gwaggonka da ta yi shekara hamsin tana waƙar daka ita ma za ta ce maka "nan bai zauna ba", kuma da wuya ta yi kuskure.

In za ka sa ta a Facebook ko ka tura ta WhatsApp, rubuta ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, kowane ɗango a layinsa, da fili tsakanin baiti da baiti. Haɗa da muryar da ka naɗa, don mai karatu ya san da wane kari za a hau ta. Sa sunanka a cikin baitin ƙarshe, ba a ƙasan shafi kaɗai ba, saboda waƙa in ta fara yawo daga waya zuwa waya, abin da ke ƙasan shafi shi ake fara yankewa. Takardun gwajin kuma, masu ninkakkun wasula da jan biro, ka sa musu kwanan wata ka adana.

Ni da na koma wurin dattijon nan bayan mako biyu, na rera masa baiti takwas ba tuntuɓe. Ya yi shiru, ya ce, "Ƙafa ta ɗoru. Sai dai baiti na biyar, me kake son ka ce a ciki?" Na duba, na rasa amsa. Ya miƙo mini littafin ya ce in cire shi in kawo bakwai.